Ɓerayen Malam Buba

Warin sipirit ne yake fara zuwar mini duk lokacin da na tuna ranar, shi da ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa a bakin ƙofa. Na'urar juya jini tana ta kuka a kusurwa, irin kukanta na tsohuwa mai ciwon ƙirji. Ni kuma ina sunkuye a kan madubi, ina neman abu mai motsi a cikin ɗigon ruwa guda. Na bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo, na sake bi. Fili fetal, kamar gona bayan an kwashe kara.

Na ɗauko labarin nan ne saboda ku, ɗaliban da ake turo mana koyon aiki. Makon jiya na ji ɗayarku tana cewa aikin ɗakin gwaji ai leƙe ne kawai: a ɗiga, a leƙa, a rubuta. Wata kuma ta miƙo mini wayarta, ta ce nan gaba kaɗan rashin haihuwa zai zama tarihi, tunda masana sun fara ƙera ƙwayar haihuwa daga fatar jiki. Na ci gaba da aikina, hannuna yana cikin safa. Amma ni ma na taɓa faɗin wannan magana, kuma a gaban mutanen da aurensu yake rataye da abin da zai fito daga bakina na faɗe ta.

Ina da shekara ashirin da uku na fara aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji a nan Azare, ɗaki biyu da baranda. Wadda ta koya mini aiki Mama Rifkatu ce, mutuniyar kudancin Bauchi, wadda ta daɗe a asibitin gwamnati kafin ta dawo wurinmu. Na zo mata da takardar shaida da sabuwar farar riga, ta dubi takardar, ta dubi rigar, ta nuna mini bahon wanke gilasai. Wata uku ban taɓa madubi ba. Madubi shi ne abin da muke kiran na'urar nan mai ƙara girman abu, wadda kuke rige-rigen zama a gabanta. Gilasan da ake ɗiga jini a kai nake wankewa, in ɗauraye, in goge da tsohon farin ƙyalle, in ɗaga wa taga. In ta ga tabon yatsa ko ɗaya, sai ta mayar da su duka cikin ruwa. Takan ce, "Gilashin da bai wanku ba maƙaryaci ne, kuma da sunanki zai yi ƙaryar." 'Yar littafi take ce mini, domin ko lokacin cin abinci karatu nake yi.

Jini, fitsari, majina, duk na koya a hannunta. Amma wanda ya fi ɗaukar ta lokaci kafin ta sakar mini shi ne gwajin ruwan haihuwa na maza. Namiji ba ya shigowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai ya ce a yi masa gwajin taifod, ya zauna a benci har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malama, akwai kuma wani ɗan gwaji da likita ya rubuta." Takardar duk ta yi laushi a aljihu, wataƙila ta yi wata biyu a ciki. Kafin ya zo, matarsa ta riga ta sha gwaji iri-iri, ta sha jiƙo, ta sha rubutu. Sai ka miƙa masa kwalba mai murfi, ka yi bayani idonka a kan tebur, don ka rage masa nauyi: ya ƙaurace wa iyali kwana uku, ya kawo cikin sa'a guda, kada ta yi sanyi, kada rana ta buge ta, ya sa ta a aljihun ciki ta jingina da jikinsa. Mutumin ƙauye sai ya sauka gidan dangi a gari shi da matarsa, da sunan ziyara. Wani ya taɓa kawo mana tasa a kular ƙanƙara, domin ya ga haka ake yawo da allurar rigakafi, duk ƙwayoyin suka sandare. Wani a ƙarƙashin hula ya ɓoyo ta, kuma tasa ta fi ta kowa zuwa lafiya. Da azumi ya kama, wannan ɓangaren aikin yakan tsaya cak sai bayan salla.

In ruwan lafiyayye ne, abin da ake gani a madubi yana da kyau ƙwarai. Kamar 'ya'yan kwaɗi ne a kududdufin damina, kowanne da 'yar jelarsa, kowa yana sauri kamar an aike shi. Sai a ƙirga masu gudu, da masu rawa wuri ɗaya, da waɗanda suka kwanta. In kuwa ba a ga komai ba, a nan aikin yake. Dokar Mama Rifkatu ita ce ba a rubuta “babu” sai an juya ruwan a na'ura, an ɗebi abin da ya kwanta a ƙasan kwalba, an duba gilashi uku. Ko bayan haka ba a yanke hukunci, sai mutum ya dawo bayan wata uku an sake.

Ranar da nake ba ku labari, dawowa ta biyu ce ta Malam Buba. Manomi ne daga Sakwa, dogo, mai magana a hankali, kuma shi kaɗai na sani a lokacin da yake shigowa tare da matarsa har ciki. Hansatu sunanta, ba ta wuce talatin ba. Tun zuwansu na farko ya faɗa mana yadda ake ciki, ba kwana-kwana. Shekararsu goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Yayyenta maza sun gaji. Babbansu, wanda take kira Hamma, ya zaunar da shi ya ce a je asibiti, in takarda ta nuna matsalar daga gare shi take, ya sawwaƙe mata tun tana da sauran shekarun haihuwa. Malam Buba ya amince, a gaban shaidu.

Mama Rifkatu ba ta nan a ranar, ta tafi jana'iza garinsu. Na duba gilashi uku, na ƙara na huɗu. Sannan na cire safa, na wanke hannu, na kira su.

Malam Buba ya karɓi takardar bai duba ba. Ya ce, "Malama, faɗa mini da Hausa. Takarda ta yayyenta ce."

Na ce, "Malam, ban ga ko ɗaya ba. Wancan karon ma haka."

Ya jinjina kai. "Alhamdu lillahi ala kulli halin. To, Hansatu, kin ji."

Ita dai tana kallon yatsun ƙafarta. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya dafa gwiwa zai tashi. Da na bar shi ya tashi, da aikina ya ƙare daidai inda aka koya mini ya ƙare. Amma kwanakin nan na karanta wani abu da ya hana ni sukuni don daɗi, sai na ji ba zan iya barin su fita hannu wofi ba.

Na ce, "Malam, kada ka yanke ƙauna. A Japan masana suna ɗaukar ƙwayar halitta daga fata, su mayar da ita baya, ta koma kamar ta ɗan tayi, wadda ba ta riga ta zaɓi abin da za ta zama ba. Daga nan sai su bi da ita a hankali har ta zama ƙwayar haihuwa. Sun yi da ɓeraye, har an haifi 'ya'ya."

Ya koma ya zauna. "Ɓeraye?"

"Ɓeraye, Malam."

"Ikon Allah. Mu muna neman yadda za mu rage su a rumbu, wasu suna can suna ƙera su." Ya ɗan yi murmushi, sannan ya dubi bayan hannunsa, fatar duk ta faffashe da aikin gona. "To, wanda aka yi da fatata, ɗana ne? Zai ci gadona? Liman zai yarda ya raɗa masa suna?"

Ba ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan a abin da na karanta. Na ce wannan sai malamai sun duba.

"Yaushe zai iso kan mutane?"

Na ce, "Ana nan ana yi."

Da Mama Rifkatu ta dawo, ni da kaina na ba ta labari, ina jiran ta yaba mini. Tana goge idon madubi ne, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kin ga ɓeran a madubinki?"

"A'a, Mama."

"To me ya kai shi bakinki?" Ta ajiye ƙyallen. "Namiji ko ya shekara sittin yana iya jira. Ita fa? 'Yar littafi, ba magani kika ba mutumin nan ba. Dalilin riƙe 'yar mutane kika ba shi."

Ba ta sake ɗaga maganar da faɗa ba, amma ta yi kwanaki tana juya ta, tana wanke-wanke tana yi kamar da baho take magana. "A ce ma an yi. Da ɗan wa za a fara gwadawa? Ɓera in ya fito da ƙafa uku sai a jefar, a sake wani. Ɗan mutum fa?" Wata rana kuma ta ce, "In dai fata ta isa, ai wanzami ya fi kowa dukiya a garin nan. Ki wayi gari wata ta zo da yaro ta ce na Alhaji wane ne, daga ƙahon da aka yi masa bara." Na ce mata ba haka abin yake ba, sai da ƙwaya mai rai da kayan aiki masu tsada. Ta ce, "Yau ke nan. Wanda ya iya da izini, gobe zai iya ba izini."

Magana ba ta kwana inda aka faɗe ta. Ba a yi wata biyu ba wata tsohuwa ta zo daga wajen Gololo, ta jira layi ya ƙare, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli. A ciki akwai busasshiyar cibiya, baƙa, kamar guntun kubewa busasshe. Ta ce, "Ɗana ya rasu bai bar baya ba. An ce kuna yi da fata. Wannan ma fatarsa ce, tun kafin suna ta faɗi nake ajiye da ita." Mama Rifkatu ce ta karɓa da hannu biyu, ta duba da kyau kamar yadda take duba kowane abu da aka kawo mata, ta mayar ta ƙulle, ta danƙa mata. Ta ce, "Inna, wannan ba ta gwaji ba ce. Ba mu iya ba, kuma ba wanda ya iya. Ki mayar da ita inda kike ajiyewa." Ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo, ni da kaina na je na tsaya a gaban baho ba wanda ya aike ni.

Bayan girbi sai ga Malam Buba shi kaɗai. Ya ajiye mana ƙullin riɗi, muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi Mama Rifkatu. Sannan ya ce, "Malama, an gama da ɓerayen?"

Na riga na shirya abin da zan faɗa masa. Na ce, "Malam, maganar da na yi maka kuskure ce. Abin yana da nisa ƙwarai. Wataƙila ni da kai ba za mu gan shi ba. Ko ya zo, ba Azare zai fara zuwa ba, kuma ba manomi ne zai fara samu ba. Ba a ma san ko yaran za su zo lafiya ba. Don Allah kada ka sa Adda Hansatu ta jira shi."

Ya saurare ni har na kai aya. Ya ce, "Na ji, Malama. Allah ya saka da alheri. Amma sun daina?"

"Ba su daina ba."

"Ana nan ana yi ke nan."

Ba yadda zan ce a'a, domin gaskiya ce. Na ce, "Ana yi."

Ya ce madalla, ya sa takalmansa, ya tafi.

Haka ya riƙa yi duk shekara, da an kai gero rumbu. Ba ya neman gwaji, ba ya neman takarda. Duk yadda na tsawaita bayani sai ya jira na gama, ya yi tambayarsa, ya karɓi kalmominsa, ya kama hanya. Tun ina karɓar riɗin har na koma cewa ya kai wa masu gadi. Na daina sakar masa fuska. A ganina mutum ne da ya ɗauki alkawari a gaban shaidu, sannan ya sami ramin ɓuya a cikin maganata.

Shekarar ambaliya ita ce mummunar shekararmu. Ruwa ya yanke hanyoyi, kayan aikin da muke saro daga Kano suka daina zuwa, man janareta ya yi wuya, abin da ke cikin firji ya lalace muna kallo. Mama Rifkatu ta buɗe ƙasan kabad ta fito da wani tsohon madubi mai ido ɗaya, wanda ba ya buƙatar lantarki, da ɗan gilashi a ƙasansa ake tare hasken rana. Muka jawo tebur bakin taga. Da safe muna gabas, da la'asar mu ɗauke mu koma yamma, muna bin rana kamar masu shanya. In hadari ya taso, sai masu jira su jira tare da mu. Zazzaɓi da gudawa sun cika gari, muna duba jini har idanunmu su yi ruwa. A wannan hasken ne wata rana ta kira ni ta ce in leƙa mata wani gilashi, ta ga ƙwayar zazzaɓi. Na leƙa, ƙura ce. Ta sake leƙawa, ta daɗe. Sannan ta tashi ta ba ni kujerar. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, ta san da ita, tana dai jiran ranar da za ta ga abin da babu. Ƙarshen watan ta ajiye aiki ta koma garinsu.

A shekarar ba wanda ya girbe abin kirki a ƙasar Zaki, inda Sakwa take, na ɗauka Malam Buba ba zai zo ba. Ya zo, a makare, wandonsa da taɓo har gwiwa, ya ce wani wurin a kwalekwale aka tsallako da su. Bai kawo riɗi ba, ya ba da haƙuri. Ya yi tambayarsa, na ba shi amsarsa.

Shi ya sa nake hana ku hira da masu jiran sakamako a baranda. Ku karanta duk abin da kuka samu, ni ma har yau ina bin labarin binciken nan, kuma yana burge ni kamar ranar farko. Amma tsakanin abin da ke wayarku da mutumin da ke kan benci akwai tafiya mai nisa, kuma shi ba ya jin “wataƙila” yadda kuke jin ta. Abin da madubi ya nuna shi ne naku. Sauran ku bar wa likita, da malamai, da masu gidan.

Shekara tara bayan waccan rana, wata mata ta shigo da takardar gwajin suga. Sai da na rubuta sunan a jikin kwalba na ɗago na dube ta. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Na ɗaura mata roba a dantse, na shafa sipirit, na nemi jijiya. Sai da jini ya fara shiga sirinji na iya magana.

Na ce, "Adda Hansatu, ki yafe mini. Ni ce na yi wa Malam maganar ɓeraye. Na cinye miki shekaru."

Ta yi dariya har sai da na riƙe hannunta kada allura ta goce. "Ɓeraye! 'Yar nan, na yi miki kama da wadda za ta zauna jiran ɓera?"

Na zare allurar, na danna mata auduga, na ce ta naɗe hannu.

Ta ce, "Ranar nan ko tasha ba mu kai ba Malam ya ce da mun isa gida zai rubuta mini takardata. Ni na ce masa ya dakata, in Hamma ya tambaya, ya faɗa masa abin da Malama ta ce. Hamma yana jin nauyin maganar asibiti, sai ya ce to a ƙara shekara. Da shekara ta zagayo ya sake tambaya. Shi kuwa Malam ba ya ƙarya, ko ta wasa. Da na ce ya je ya ce musu ana nan ana yi, alhali bai ji da kunnensa ba, wallahi ba zai iya ba. Shi ya sa nake turo shi. Ba ya son zuwa, yakan ce Malama ta gaji da shi. Sau uku yana ce mini in tafi in nemi rabona, ina ce masa ya je Azare tukuna."

Na ce, "Adda, ba ki son haihuwa ne?"

Ta ɗaga audugar ta duba, ta mayar. "Wa ya ce miki? Har gobe in jariri ya yi kuka a maƙwabta sai na ji shi a ƙirjina. Amma Hamma ya yanke abin da ya dace da ni, Malam ya yarda, aka kira shaidu. Ke ma duk shekara kina aiko mini da saƙon kada in jira, yana kawowa kuwa, ba ya rage ko kalma. Kowa yana tausayina. Ba wanda ya ce, Hansatu, ke ina kike so ki zauna?"

Ta gyara mayafi, ta tambaye ni ƙarfe nawa za ta dawo karɓar sakamako. Na ce bayan azahar. Na bi ta da kallo har ta fita baranda, kwalbar jininta da ɗuminta a tafin hannuna.

Shekara tara ina amsa wa Malam Buba tambaya, ashe ba tasa ba ce.